Rakiyar Sale Zuwa Bakin Tekun Italiya

Tun da na dawo ban ci tuwo da zafinsa ba. Da na zauna a zaure sai sallama. "Malam Dauda, wai da gaske ne gidajensu a kan juna suke?" "Wai kun ci kwaɗo?" Na ba da labarin nan a rumfar 'yan fata, na ba da shi a ƙofar masallaci, har ran nan wani mutumin Chinade da bai gane ni ba ya zauna ya ba ni labarin tafiyata da kansa, ya ce wai kifi ya haɗiye ni ya amayar. Da na ji haka na ce gara in faɗe shi daga farko har ƙarshe, kowa ya huta.

Duk wanda ya ci kasuwar Azare a shekarun bayan yaƙin duniya ya san Sale. Baturen Italiya ne, sunansa na yanka Salbatore, bakinmu ya kasa, muka yanke masa Sale. Fatar akuya yake saya wa wani kamfani yana aikawa ƙasarsu, ni ne dillalinsa, tare muke bin ƙauyuka har Dagauda. Ya bar gida yana saurayi, ya zauna Tarabulus, ya zauna Kano, sannan ya yada zango wajenmu. Hausa kuwa a bakinsa kamar jakin Kano.

Wata rana bayan la'asar muna ɗaure fatu, sai ya ce, "Malam, ina son zuwa gida, amma tsoro nake ji."

Na ce, "Tsoron teku?"

Ya ce, "Tsoron yayata."

Sai ya warware mini. Ashe ya gudu ne ya bar yayarsa Mariya da tsohuwarsu marar lafiya da gonar lemo. Tsohuwar ta rasu bai koma ba. Mariya ba ta yi aure ba, ita ta riƙe gonar, kuma ta aiko masa cewa ba ta da ƙane. Yau fiye da shekara ashirin. Ya ce, "Na ga a nan idan mutum ya yi wa na gaba da shi laifi ba ya zuwa shi kaɗai, da dattijo yake tafiya. Ni ba ni da dattijo sai kai."

Maganar ta ɗaure ni. Maiɗakina Hauwa ta ce mutane na haramar Makka ni ina haramar ƙasar masu ƙararrawa. Na je wurin Malam Bukar, limamin unguwarmu, wanda iyayensa daga Borno suka zo. Ya ce gyara tsakanin 'yan'uwa ibada ce, in tafi. Ya koya mini sallar matafiyi, ya ce idan na isa can alƙibla ta juya, in fuskanci tsakanin gabas da kudu. Ya ƙara da cewa duk abin da ya fito daga teku halal ne. Wannan fatawar daga baya na so a ce bai ba ni ita ba.

Muka hau babbar mota a kan buhunan gyaɗa zuwa Kano. A can aka yi mini hoto, aka tsira mini allura a dantse, aka ba ni fasfo. Hoton nan ko Hauwa da ta gani cewa ta yi ɓarawon shanu ne. Daga Kano jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga Ikko muka shiga jirgin ruwa na kaya, wanda fatunmu ma suna cikinsa.

Ni haifaffen Katagum ne, a bakin kogi na tashi, na ɗauka na san ruwa. Ashe wanka kawai na sani. Jirgi na fita sarari cikina ya juya, ƙasa ta koma sama. Na kwanta kamar tsumma, ina salati ina amai. Mai dafa abincin jirgin, wani gajere mai tumbi, shi ya riƙa zuwa yana tura mini busasshen burodi da ɓarin lemon tsami a baki, yana ta surutu da yarensu kamar mai lallashin jariri. Da na warware muka zama abokai. Ba na jin nasa, ba ya jin nawa, amma idan ya ɗaga tukunya ya yi gurnanin alade na san ba tawa ba ce, idan ya yi kukan akuya sai in miƙa kwano.

Mun daɗe a ruwa har na daina tambaya, sannan muka isa Napoli. A nan aka tare mu a kwastan. Ma'aikacin wani dogo ne mai gashin-baki a murɗe. Ya buɗe adakata, ya ga riguna ya wuce, ya ga buta ya juya ta ya ajiye. Ya zo kan huhun goro, ya ɗauki ɗaya ya tambayi Sale. Sale ya ce masa abin da muke ba babban baƙo ke nan. Mutumin ya gyara tsayuwa, ya gatsa rabi. Na ga gashin-bakin nan ya sauko. Kunya ta hana shi tofarwa, ya haɗiye, idonsa ya kawo ruwa. Bai daddara ba, ya kwance wani ƙunshi da Hauwa ta cusa a ƙasan kaya ban sani ba. Daddawa ce, ta sha zafin jirgi ta ƙara nuna. Jama'a, ɗakin nan sai da ya watse. Ya rufe adakar da sauri, ya buga mini hatimi, ya nuna mini ƙofa da hannu biyu.

Napoli gari ne na hayaniya, kasuwar Kurmi ba ta kai shi ba. Lungunan ƙunci, benaye dogaye, an ɗaura igiya daga wannan taga zuwa waccan an shanya wanki a kan masu wucewa, har da abin da a wajenmu ba a shanyawa sai a bayan ɗaki. Mace za ta leƙo daga sama ta zuro kwando da igiya, mai tumatir ya sa mata, ta janye. Magana kuwa da hannu suke yi. Na ga mutum biyu suna ɗaga murya suna wurga hannuwa, na ce wa Sale mu raba su. Ya ce gaisawa suke yi.

Washegari muka hau motar haya mai bin gaɓar teku zuwa garinsu Sale, kusa da Amalfi. Hanyar nan a jikin dutse aka sassaƙe ta. Hannun hagu dutse ya tafi sama, hannun dama ba komai sai iska, can ƙasa ruwa shuɗi kamar an zuba baban rini. Kwana a kan kwana. Direba ya danna oda, ya shiga kwana bai ga abin da ke gabansa ba, yana waƙa, yana juyowa yana hira da na baya. Na fito da carbina. Wata tsohuwa mai baƙaƙen kaya da ke kusa da ni ta dube ni, ita ma ta zaro nata, mai ɗan gicciye a baki. Ina ja tana ja. Da muka tsallake wata muguwar kwana ta dafa hannuna ta gyaɗa kai, kamar ta ce aikinmu na ci.

Garin ƙarami ne, maƙale a tsakanin duwatsu biyu. Abin da kuke tambaya gaskiya ne: gida a kan gida, rufin wannan shi ne tsakar gidan wancan, fari da ja da ruwan ɗorawa. Ba titi, sai matakala. Jakunansu ma matakala suke hawa, da kaya, ba a ko dukansu. Gidan Mariya yana can ƙololuwa, inda aka yanka dutse hawa-hawa aka shuka lemo. Kafin mu kai, gwiwoyina sun daina jin magana.

Sale ya ƙwanƙwasa. Wata mata ta buɗe, gajeruwa, kakkaura, furfura a ɗaure a ƙeya. Ta dube shi tun daga hula har takalmi. Ya cire hula ya ce, "Mariya." Ta dube ni ni ma, da babbar rigata da rawanina. Sai ta faɗi kalma biyu ko uku ta mai da ƙofa ta sa sakata.

Na ce, "Me ta ce?"

Ya ce, "Ta ce ba ta sayen komai."

Muka sauko. Wani masunci mai suna Janaro, abokin Sale na ƙuruciya, shi ya sauke mu. Yana ganin Sale ya rungume shi yana kuka, ya sumbace shi a kumatu biyu. Ina tsaye ina mamaki, ban ankara ba ya cafke ni ni ma. Gemu ya haɗu da gemu. Na ce a raina, Allah ya sa ba mutumin Azare a kusa.

Ɗakin da aka ba ni tagarsa na kallon ruwa, gado mai laushi har baya ya yi ciwo, sai na shimfiɗa buzuna a ƙasa. Matar Janaro ta ɗauka gadonta na raina, sai da Sale ya yi dogon bayani. Abincinsu taliya ce, safe da yamma, da tumatir da man zaitun. Suna naɗe ta da cokali mai yatsu. Na gwada, ta zame, na sake, ta fallatsa mini a gemu. Na wanke hannu na ce bismillah. Yaran gidan suka ajiye cokulansu suka bi ni, uwarsu ta bi su da ludayi. Ran nan kuma aka kawo wata dabbar ruwa a faranti, ba kai ba gindi, ƙafafu takwas kamar igiyar guga. Sale ya ce, "Malam Bukar dai ya ce halal ne." Na ce, "Ya ce halal ne, bai ce wajibi ba ne." Giya kuwa da suka gane ba na sha, sai aka riƙa matse mini lemo a ruwan sanyi. Lemonsu wani ya kai girman kan jariri. Gahawarsu a ɗan kofi kamar na ɗura wa yaro magani, amma kurɓi ɗaya ya isa ya hana ka gyangyaɗi har magariba.

Sale ya karaya, ya ce mu koma Napoli. Na ce ba a yin haka. Ai icen da ya shekara ashirin yana girma ba a sare shi da sara ɗaya. Shi ya zauna, ni zan riƙa zuwa gaisuwa.

Haka na yi. Kowace safiya bayan na yi salla in hau matakalar nan, in tsaya a ƙofarta in ce, "Salamu alaikum. Yaya Mariya, ina kwana? Ina gajiya? Yaya gida, yaya aiki?" In jero gaisuwar duka kamar yadda ake yi wa babba, in ɗan zauna a dakali, in sauko. Ran farko ba ta leƙo ba. Bayan 'yan kwanaki na tarar da kujera a ƙofar. Daga baya kujera da kofin ruwa.

Da rana kuma Janaro ya ɗauke mu a kwalekwalensa mu zaga garuruwan gaɓa. Mun je Amalfi, inda babbar majami'arsu take a kan matakala mai faɗi, tsofaffi na zaune a gindinta suna gardama kamar 'yan majalisar ƙofar fada. Mun je Fositano, wanda daga ruwa sai ka ce an zubo gidajen daga kwando suka maƙale a gangare. Da azahar duk garuruwan nan mutuwa suke yi, a rufe kantuna kowa ya kwanta, ko ɓarawo ba ya aiki. Duk inda na sauka yara na bina, wani ya shafa hannuna ya duba yatsansa. Ban ji haushi ba, na tuna yadda yaran Azare suka yi wa Sale.

A kan kowane tsauni akwai tsohuwar hasumiya. Janaro ya nuna ɗaya ya nuna ni, yana dariya. Sale ya fassara: wai kakanninsu ne suka gina don tsaron Musulmi masu zuwa ta ruwa su kwashe mutane, ga shi yau shi da kansa ya ɗauko ɗaya a jirginsa. Na ce a gaya masa ya kwantar da hankalinsa, Musulmin da ya ɗauko ko tsayuwa ba ya iya yi a kwalekwale.

Abin da ya buɗe mana ƙofa kuwa ba dabarata ba ce, faɗuwa ce. Wata safiya na tarar da Mariya tana saukowa da babban kwandon lemo a doron wuya, yadda matansu ke ɗauka. Na ga bai dace ina namiji in tsaya kallo ba. Na yi mata alama, ta ƙi, na nace, ta sakar mini. Na ɗora a ka irin namu. Taku kaɗan na take bakin rigata. Na zauna daɓas, kwando ya tashi, lemo ya kama hanya. Ya bi matakala yana tsalle, ya shiga gidajen mutane, ya firgita jaki, har bakin ruwa. Gari ya fito tsintar lemo. Na ɗaga kai ina jiran zagi, sai na ga Mariya ta dafa bango tana dariya har da hawaye.

Ta kama ni ta kai cikin gida, ta wanke mini gwiwa da wani abu mai zafi. Tana yi tana tambayata, ina amsawa da Hausa. Ta gaji, ta leƙa taga ta ƙwala wa maƙwabciya kira, ita ma ta ƙwala wa ta ƙasa, har saƙo ya kai bakin teku. Can sai ga Sale yana haki. Ta tsai da shi a bakin ƙofa ta yi masa magana ba ta dube shi ba.

Ya ce, "Wai ba a matsayin ƙane ta kira ni ba, tafinta take so. Tana son ta ji abin da mutumin nan yake faɗa mata kullum."

Na gyara zama na ce, "Madalla. Gaya mata na zo ne daga ƙasa mai nisa saboda wani wawa."

Sale ya dube ni. Na ce, "Fassara." Ya faɗi wani abu gajere. Mariya ta girgiza kai ta yi magana da kaifi.

Ya ce, "Wai ta ga fuskarka, ta san ba haka ka ce ba."

Na ce, "To faɗa mata daidai. Wawa, marar tunani, wanda ya bar 'yar'uwarsa da nauyin da ya fi ƙarfin namiji biyu."

Ya sunkuyar da kai ya faɗa. Ta gyaɗa kai, ta ƙara nata. Ya juyo ya ce, "Ta ce kuma matsoraci." Na ce, "Gaya mata na yarda." Haka muka yi ta yi, ina zaginsa da Hausa yana mayarwa da Italiyanci, tana zaginsa da Italiyanci yana mayar mini da Hausa. Ban taɓa ganin mutum ya sha zagi biyu-biyu da bakinsa ba sai ranar.

Da na ga ta huce kaɗan sai na sauke murya. Na ce, "Gaya mata abin da ba ta sani ba. Shekarar da mahaifiyata ta kwanta ciwo, mutumin nan shi ya ɗauke ta a motarsa ya kai ta asibiti, ya riƙa kai mata abinci da hannunsa. Ranar da muka binne ta ya zauna a tabarmar makoki yana kuka, har masu ta'aziyya suka riƙa tambaya uwar wa ta rasu, tawa ko ta Bature. Ni na san ba tawa kaɗai yake yi wa kuka ba."

Sale ya fara fassarawa. Ya kai rabi ya tsaya. Ya sake farawa, ya kasa. Ya tsaya a bakin ƙofa, ƙato da shi, hula a hannu, kafaɗunsa na rawa. Sai Mariya ta tashi, ta ɗauki tsumman goge kwano ta zabga masa a kafaɗa, ta sake zabga masa, sannan ta kama kunnensa ta jawo shi cikin gida ta zaunar a kujera. Ta yi magana tana share ido da gefen zanenta.

Na ce, "Me ta ce?"

Ya ce, "Ta ce na tsufa, na yi muni, kuma wa ya ce in tsaya a ƙofa kamar baƙo."

Ranar an yi girki a gidan nan. Janaro ya kawo kifi, maƙwabta suka cika tsakar gida a ƙarƙashin rumfar lemo, wani ya zo da abin kiɗa, tsofaffi suka yi rawa. Mariya ta zaunar da ni a kan gaba, da na cinye ta ƙara, da na ce na ƙoshi ta yi kamar ba ta ji ba. A nan na gane ɗurar baƙo ba a Katagum kaɗai ake yinta ba. Washegari ta kai Sale kabarin tsohuwarsu, su biyu. Da suka dawo ta ɗora masa kwando a wuya, ya yi ta hawa da sauka har yamma, tana tsaye a sama tana faɗa masa bai iya ba.

Da lokacin komawa ya yi suka rako ni Napoli. Na lura Sale bai ɗauko akwatinsa ba. Da muka isa bakin jirgi sai ya ja ni gefe.

Ya ce, "Malam, gonar ta fi ƙarfinta yanzu. Gwiwoyinta sun tafi, ɓoyewa take yi."

Na ce, "Na gani."

Ya ce, "Kamfani zai aiko wani. Na gaya musu kai ne dillali."

Na ce, "Wato na baro gidana, na sha amai, na farfasa gwiwa, don in yi wa kaina asarar aboki."

Ya yi dariya, idonsa ya cika. Ya ce, "Kai ka iya sulhu da yawa. Yanzu da wa zan yi Hausa?"

Na ce, "Ka koya wa jakunan, suna da fahimta."

Ya damƙa ni a hannun wani ma'aikacin jirgi da ke jin ɗan Larabci. Mariya ta cusa mini ƙunshin burodi da cuku da lemo, ta riƙe hannuna da hannu biyu ta yi doguwar magana. Wannan karon ban nemi fassara ba.

Jirgi ya ɗaga, tazara ta fara buɗewa. Ina tsaye a baya ina kallonsu, ita gajeruwa cikin baƙaƙen kaya, shi dogo a gefenta. Sai na ga ya haɗa hannu a baki, a tsakiyar Turawan nan masu ɗimbin yawa, ya ƙwala da iyakar muryarsa: "Malam Dauda! A gai da Azare! A gai da 'yan fata! Kowa da kowa, kada ka bar ko ɗaya!"

To, saƙo amana ne, kuma garin da yawa, ƙafata ba za ta kai kowane gida ba. Duk wanda wannan labari ya iske, daga nan har Katagum, Sale yana gaishe ka. Na sauke.